Ana Gaida Mai Jiki, Wa Ke Gaida Mai Jinya?

Matan aure da 'yan makaranta, maganar yau ta shafe ku duka, domin babu wadda ba ta da tsoho ko tsohuwa, in ba a gidan iyayenta ba to a gidan mijinta, in kuwa babu a nan to akwai a maƙwabta.

Kwanan baya na je dubiya wani gida a unguwarmu. Tsohuwar gidan ce take kwance, kusan shekara biyu ke nan tun da ɓarin jikinta na dama ya shanye. Na tarar da ɗakin cike da mata. 'Ya'yanta biyu sun zo daga gidajen aurensu, ga ƙawayenta, ga 'yan'uwa daga ƙauye. Duk wadda ta shigo sai ta ce, "Sannu Inna, ya jiki?" a amsa mata da sauƙi. Ɗakin fes, babu zarni, zanen gado wankakke, an yi wa tsohuwa kitso har da kwalli. Aka yi ta yaba yadda ta yi kyan gani. Wadda ta yi duk wannan aiki kuwa, watau matar ɗanta, tana can madafi goye da yaro, tana hura wuta don ta dafa wa 'yan dubiya abinci. Da na leƙa in yi mata sallama sai na ga idanunta sun faɗa, ta rame har wuya ya yi tsawo. Na ce, "Ke kuwa, yaushe rabonki da barci?" Sai ta yi dariya, kafin in ankara dariyar ta koma kuka. Ta ce tun da Inna ta kwanta babu wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya.

To, abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau ke nan. Mu mutane ne masu alfahari da cewa ba ma yar da tsofaffinmu. In aka ce wane ya kai uwarsa gidan gajiyayyu, ai abin kunya ne da zai bi shi har jikoki. Wannan hali ne mai kyau, kuma filin nan yana goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Idan aka ce "dangi na riƙe da tsohuwa", in kika shiga gidan kika duba da kyau, galibi mace ɗaya tak za ki samu tana riƙe da ita. Wani lokaci matar ɗa ce, wani lokaci 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, wani lokaci kuma jika ce 'yar shekara 13 da aka tsayar mata da karatu. Yabo na dangi ne duka, ciwon baya na mutum ɗaya.

Ba a nan kaɗai ake haka ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da rahoto a 2018 wanda ya nuna cewa mata ke yin kashi 76 cikin 100 na dukan aikin kula da mutane a gida, irin wanda ba a biyan kowa ko kwabo a kansa. Sai dai sanin cewa matan wasu ƙasashe ma suna shan wannan wahala ba zai sa maƙwabciyata ta sami barci ba.

Da yawa daga masu cewa "ai jinya ce kawai" ba su san abin da ke cikinta ba, saboda haka bari mu ƙidaya. Wanda ba ya iya juya kansa a kan gado, ma'aikatan asibiti suna cewa a riƙa juya shi kamar bayan kowace awa 2, dare da rana. In ba a yi haka ba, nauyin jiki yakan danne fata a wuraren da ƙashi ya taso, watau ƙugu da ƙashin ɗuwawu da dunduniya da kafaɗa, jini ya kasa gudana a wurin, fata ta mutu, gyambon kwanciya ya buɗe. A fatarmu ba lalle ne wurin ya yi ja ba, sau da yawa sai dai ki ga ya ƙara duhu, ko ki taɓa ki ji ya fi sauran jiki zafi ko tauri. Wannan gyambo yakan fara cikin 'yan kwanaki, amma warkar da shi sai a shafe watanni, wani ma shi ke zama ajalinsa. Yanzu ki lissafa: juyi 12 a kwana ɗaya. Ki ƙara da sauya shimfiɗa duk lokacin da aka ɓata ta, da wankin zannuwa, da ɗebo ruwan wankin, da wanka, da goge baki, da taimaka mata ta yi alwala ko taimama. Sa'an nan ciyarwa. Mai shanyewar jiki sau da yawa haɗiya takan yi masa wuya, tilas a tashe shi zaune sosai, a ba shi kunu mai kauri ko fate ko tuwo mai laushi cokali bayan cokali, a bar shi zaune na ɗan lokaci bayan ya gama, domin in abinci ya bi hanyar iska ya shiga huhu sai ciwon haƙarƙari ya biyo baya. Kwano ɗaya yakan ci rabin awa. Ga motsa hannu da ƙafar da suka shanye kamar yadda masu gashin ƙashi suka koyar, don kada gaɓoɓi su sandare. Ga magani a kan lokaci.

A asibiti wannan aiki malaman jinya ke yinsa bi da bi, masu safe daban, masu rana daban, masu dare daban, kuma kowa yana da ranar hutu. Mu kuwa sai mu ɗora shi a kan mace guda, mu ƙara mata da girki da raino da hidimar maigida, sa'an nan in ta yi tsaki mu ce ba ta da tarbiyya. Haba jama'a!

Wannan fa ciwon da ake gani da ido ke nan. Akwai wanda ya fi shi cin rai, watau rikicewar tsufa, ko ciwon mantuwa. A nan zan ɗan daɗe, domin na ga ya raba zumunci a gidaje da dama. Tsohuwa za ta ci tuwo ta wanke hannu, bayan minti 10 baƙuwa ta shigo, ta ce mata, "Tun safe ba su ba ni komai ba." Za ta ɓoye kuɗinta a cikin matashin kai ta manta, ta tashi gida da kuka wai matar ɗanta ta sace. Da la'asar sakaliya ta ɗaure kayanta a ɗankwali ta ce za ta tafi gida wurin babanta, alhali baban ya rasu shekara 40 da suka wuce. Wata ta kasa gane ɗan da ta haifa, wata ta tuɓe zane a tsakar gida, wata da aka sani da kawaici ta koma ashar. Baƙuwar da ta ji zancen yunwa kuwa sai ta kwashe shi ta kai wa dangi, kafin dare labari ya kai Kaduna da Legas cewa ana horar Hajiya da yunwa. Wadda ta kwana tana wanke kashi ita ce za ta wayi gari da sunan muguwa.

'Yan'uwa, wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Sassan da ke riƙe sabon abu su ne kan fara lalacewa, shi ya sa tsohuwa take tuna ranar bikinta dalla-dalla amma ba ta tuna ta ci abinci yanzu. Ba ƙarya take yi ba, abin da ta faɗa shi ne gaskiya a wurinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne ke da wannan ciwo a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 nasu a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi irin tamu, kuma mata ne ke ɗauke da kashi 70 cikin 100 na lokacin da ake ɓatarwa wajen kula da su. Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da shi ba, amma likitocin ƙwaƙwalwa suna iya tabbatar da cewa shi ne, su taimaka da rashin barci da firgita, su kuma bayyana wa dangi abin da za su tarar a gaba. Takardar likita guda ɗaya takan kashe gulmar da rantsuwa goma ba ta kashe ba. Abin da ya fi muni shi ne a ce tsohuwa mayya ce don tana sambatu ko tana yawon dare. Matar da ta goyi rabin unguwa ba ta zama mayya don ƙwaƙwalwarta ta gaji.

Ke mai jinya, kada ki yi gardama da ita, ba za ki ci nasara ba. In ta ce ba ta ci ba, miƙa mata ɗan ƙosai ko ayaba. In ta ce za ta gida, ce mata to, bari a sha shayi tukuna, ki tambaye ta labarin gidan, sau da yawa a cikin labarin tafiyar take shiririta. Ki san maɓoyarta don ki "tsinto" kuɗin tare da ita. A sa sakata a sama inda hannunta ba ya kaiwa, a rufe rijiya, a sanar da masu shago da masu zaman ƙofar gida cewa in sun ga ta fito su rako ta. Amma ki lura da abu ɗaya. Ciwon mantuwa a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. In tsohon da yake garau jiya ya wayi gari yau a ruɗe, wannan wani abu ne daban. Yana iya zama zazzaɓi, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko sukari ya faɗi ga mai shan maganin ciwon sukari wanda bai ci abinci ba. Irin wannan ana maganinsa ya warke, asibiti za a nufa a ranar.

Tun da mun taɓo asibiti, bari in faɗi wata kuma. In kika ga bakin tsoho ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, kada a tsaya cewa iska ce ta buge shi a banɗaki. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawan lokaci hawan jini ne sila. Kada a ɗura masa ruwa ko wani jiƙo, yana iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe a nemi mota nan take, kowace awa da aka ɓata tana ƙara ɓarna. Inna ta unguwarmu ta san tana da hawan jini. Ta sha magani wata uku, ta ji daɗin jikinta, ta ce ta warke ta daina. Hawan jini kuwa ba ya sallama, awo kaɗai ke nuna shi, kuma in ya riƙa kai 140 bisa 90 ko ya wuce to akwai magana. Kuɗin ƙwayoyin da aka ƙi saye a lokacin bai kai kuɗin sabulun wankin da ake saye yanzu ba.

Yanzu ina mazan suke? Na san wannan filin mata ne, amma na kuma san maigida yakan leƙa shi in uwargida ta ajiye jarida, to bismilla, ka karanta. Malamai sun sha faɗa cewa haƙƙin iyaye a wuyan 'ya'yan da suka haifa yake. Abin da matarka take yi wa mahaifiyarka alheri ne da neman albarka, ya kamata ka san haka, ka kuma nuna ka sani. Kai ne mai ƙarfin ɗaga Inna daga gado zuwa kujera. Kai ya kamata ka karɓi juyin dare ko da sau biyu ne a mako. In kuwa mai jikin mahaifinka ne, to magana ta ƙare. Dukanmu mun san kunyar da ke tsakanin suruki da matar ɗansa, matar da ko sunansa ba ta faɗa, ko haɗa ido ba sa yi. Yaya za a ce ita za ta yi masa tsarki? Na san dattijon da ya riƙa ƙin shan ruwa da gangan a tsakiyar bazara don kada fitsari ya kama shi sa'ad da 'ya'yansa maza suke kasuwa. Wankan uba da aski da kai shi bayan gida aikin 'ya'yansa maza ne da jikokinsa maza, babu wani raini a ciki.

Wani zai ce ai iyayenmu sun yi jinyar nasu iyayen ba su yi ƙorafi ba. Gaskiya ne, amma a wane irin gida? A babban gida na gandu, inda akwai kishiyoyi da faccaloli da gwaggo da 'yan riƙo, hannu goma a kan aiki ɗaya. In wannan tana girki waccan tana ɗakin tsohuwa. Yau an watse. Ɗa ɗaya yana Abuja, ɗaya yana Fatakwal, ɗaya yana Saudiyya, wanda ya rage a gari yana haya ciki da falo. Bugu da ƙari, ciwon da a da yake ɗauke mutum cikin mako guda, yanzu da taimakon magani ana rayuwa da shi shekara biyar ko goma. Alhamdu lillahi da tsawon rai, amma jinya ta ƙara tsawo a daidai lokacin da hannuwa suka ragu. Ga tsadar rayuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuma darajar naira ta faɗi, kuɗin magani da na mota zuwa asibiti da na kunzugun manya, wanda ake kira famfas, duk sun yi tashin gwauron zabo. Yawancin iyayenmu mata kuma ba su taɓa aikin albashi ba balle a yi zancen fansho, sana'arsu ta ƙuli-ƙuli ko saƙa ko kitso ta tsaya ranar da ƙarfi ya ƙare.

Saboda haka shawarar filin nan ita ce a zauna. Duk gidan da tsoho ya kwanta, 'ya'yansa maza da mata su yi taro, wanda yake nesa a kira shi ta waya a sa shi a amsa-kuwwa. A kira mai jinyar ita ma ta zauna a taron, domin ita ta san abin da ake ciki. A ɗauko takarda a rubuta abin da ake kashewa a wata, tun daga magani har sabulu da gawayi, a raba gwargwadon ƙarfin kowa, a sa ranar biya. "In an bukaci wani abu a gaya mini" ba taimako ba ne, domin ya mai da mai jinya maroƙiya, kuma mace mai kunya za ta gwammace ta sayar da ɗan kunnenta da ta yi ta bugo waya. Bayan kuɗi a raba kwanaki. 'Yar da take aure a gari ta nemi izinin mijinta ta karɓi Juma'a, ɗayar ta karɓi Lahadi. Wanda yake nesa ya ɗauki nauyin albashin mai taimako da za ta riƙa wanki da shara, in ya zo hutu kuma ya karɓi jinya mako guda cur. Kuma a yanka wa mai jinya wani abu nata na kanta, tun da ta ajiye sana'arta saboda uwar wasu. Na san za a ce wannan ya yi kama da ciniki. Ni dai na ga gidajen da suka ƙi rubutawa don kunya, ƙarshe suka rabu a kan zargi.

Akwai kuma 'yan gyare-gyare masu araha da suke rage wahala ƙwarai. Tsugunno a masai yana wahalar da mai ciwon gwiwa, kafinta zai iya huda kujerar katako mai hannu a ɗora a kai ko a sa bokiti a ƙarƙashi. A kafa ƙarfe ko gora a bangon makewayi don dafawa, a kankare gansakuka, a ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe, a ajiye tocila kusa da matashin kai. Faɗuwa ɗaya takan karya ƙashin ƙugun tsohuwa, daga nan wadda take yawo da ƙafarta ta koma kwance. In ana yawan tuntuɓe a duba ido, domin yanar ido aiki ne na ɗan lokaci a wurare irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, mutum ya koma ganin hanyarsa. Da hunturu kada a rufe ɗaki da kaskon gawayi a ciki, hayaƙinsa marar wari yana kisa cikin barci. A rage gishiri da dunƙule a miya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya. A kuma yi hattara da ƙwayoyin ciwon jiki na kemis, musamman haɗin da ake ƙullawa a leda, suna cin ciki suna kuma lalata ƙodar tsoho.

Ku kuma 'yan makaranta, ku matso kusa. Kuna da wani abu da iyayenku ba su da shi, watau wasan jika da kaka. Ke ce za ki ce wa Kaka "kishiya, tashi ki sha magani kada ki bar mini mijin", ta yi dariya ta sha, alhali ta ƙi karɓa daga hannun kowa. Ke ce mai karatu, saboda haka ki ja layi a bayan littafinki ki rubuta sunan kowane magani da lokacin shansa, ki riƙa sa alama in an sha, ki ajiye katin asibiti wuri ɗaya, ki tuna wa Baba ranar komawa. Ki yanke mata farce, ki shafa mata mai a ƙafa, ki tambaye ta yadda aka yi bikinta da abin da ake saye da sule ɗaya a zamaninta. Kaɗaici ciwo ne, kuma tsohuwar da aka bari ita kaɗai da bango takan daina cin abinci. In kin dawo daga makaranta kika zauna da ita awa ɗaya, kin ba Umma awa ɗaya ta runtsa. Ki jawo ƙannenki da yayyenki maza su ma, ɗebo ruwa da zuwa kemis ba sai mace ba.

Amma iyaye, a nan zan tsaya da ƙafa biyu. Taimako bayan an tashi daga makaranta daban, cire yarinya daga aji don ta zauna da kaka daban. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9, firamare da ƙaramar sakandare. Ko babu doka ma, jinya takan ɗauki shekaru, ranar da ta ƙare sa'o'in yarinyar sun yi mata nisa, kunya ta hana ta komawa. Ban taɓa jin an cire ɗa namiji daga makaranta don jinyar kaka ba. Yarinya 'yar shekara 12 kuma ba ta da ƙarfin ɗaga babba, ba ta da hankalin gane alamar hatsari. In ke ce aka tsayar, ki gaya wa malamarki ko wata gwaggo da ake jin maganarta, cikin ladabi, a nemi wata dabara.

Mu masu zuwa dubiya ma da namu laifin. Mukan zo mu goma, mu baje, a kawo mana ruwa da abinci, mu ba da shawara iri-iri, wannan ta ce a gwada wancan jiƙo, waccan ta ce ai ɗakin da sauro, mu tashi mu bar tulin kwanuka. In za ki je, tafi da tuwon dare a kwano don a huta girki. Ki ɗaura ɗamara ki wanke zannuwa biyu. Ki ce wa matar gidan, "Shiga ɗaki ki kwanta, ina nan har la'asar." In kuna da adashi ko ƙungiyar unguwa ko ajin Islamiyya, ku sa gidajen masu jinya a lissafinku kamar yadda kuke yi wa mai haihuwa. Mai jego kwana 40 ake tattalinta, mai jinya kuwa ba ta san ranar fita ba.

Ke da kike cikin wannan hali yanzu, wataƙila kina karanta wannan da hannu ɗaya, sannu, sannu ƙwarai. Na san akwai daren da kika ji haushinta har kika daka mata tsawa, sa'an nan kika koma kina kuka kina ganin kin zama azzaluma. Gajiya ce. In kin ji zuciya ta taso, tabbatar tana wuri amintacce, ki fita tsakar gida ki sha ruwa ki dawo. Amma in abin ya fara kai ki ga duka ko zagi ko hana abinci, to an wuce gona da iri, tsohuwa amana ce, ki faɗa wa maigida da dangi ƙarara cewa ba za ki iya ke kaɗai ba. Faɗin haka ba butulci ba ne. In za ki ɗaga ta, durƙusa da gwiwa, kada ki sunkuya da baya, ku sa zane a ƙarƙashinta ku biyu ku ja. Duk ranar da aka kai ta awo, miƙa naki hannun a auna. In barci ya ƙaurace miki ko da kin sami dama, abinci ya fita ranki, kuka yana zuwa babu dalili har makonni, gaya wa likita, wannan ma ciwo ne mai magani. Kuma in an ce me za a taimaka da shi, daina cewa "babu komai". Faɗi abu ɗaya: buhun omo, ko kwanan Asabar.

Hukuma fa? A takarda an yi ƙoƙari. A watan Janairun 2018 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, cibiyar ta fara aiki a 2021, a shekarar ce kuma aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da aka ce za a tanadar wa asusu na musamman. Tun 2012 Asibitin Koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiya ta musamman don lafiyar tsofaffi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 1 ga Oktoba don tsofaffi tun 1990, a 2023 kuma ta keɓe 29 ga Oktoba don masu aikin kula da mutane. Duk mun ji, mun gode. Abin da muke roƙo ƙarami ne kuma ana iya yinsa. Kafin a sallami mai shanyewar jiki daga asibiti, a zaunar da wadda za ta yi jinyarsa da ɗansa namiji a koya musu juyi da ɗagawa da ciyarwa, da hannu, da Hausa. Ma'aikatan lafiya na unguwa da suke bi gida gida don rigakafin yara, a ba su abin awon jini su leƙa ɗakin tsohuwa su ma. Maganin hawan jini da na sukari ya samu da rahusa a ƙaramin asibitin unguwa. Ku kuma matan aure, ku tura maigida ofishin hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharku ya tambaya ko ana rajistar tsofaffi, domin wanda bai tambaya ba ba a kirga shi.

Na koma gidan nan na unguwarmu bayan mako biyu. Ashe babbar 'yar Inna ta ji abin da ya faru a madafi, ta tara ƙannenta. Yanzu ita take kwana ranar Alhamis, ƙanwarta Lahadi, autansu da ke Legas yana biyan wata dattijuwa mai wanki. Maigidan kuwa har yanzu yana cewa aiki ya yi masa yawa, muna nan muna bin sa a hankali. Matar ta ce mini ranar Alhamis ta farko ta kwanta bayan isha'i ba ta farka ba sai da rana ta fito, har ta tashi a firgice ta ruga ɗakin Inna.

Duk wadda take jinyar tsoho ko tsohuwa a gida, ko ta taɓa yi, ta rubuto mana yadda suka raba aikin a danginsu da dabarun da ta gano, za mu buga ba tare da suna ba. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.